Haruffa Biyu a Goshin Fayil: Tarihin ZIP da Rigimar da Ta Haife Shi

Gabatarwa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, ina tsakiyar rubuta kundin kammala digiri, wata rana da dare gajiya ta sa na yi kuskure wajen buɗe babi na uku. Maimakon in buɗe shi da Word kamar yadda na saba, sai hannuna ya kai shi cikin Notepad, 'yar manhajar nan da ba ta san ado ba, mai nuna cikin fayil tsirara. Abin da ya bayyana a fuskar kwamfutar ya tayar mini da hankali: tarkacen alamomi marasa kan gado, kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Na ɗauka aikin wata huɗu ya salwanta. Cikin wannan hargitsi abu ɗaya kawai na iya karantawa, wato haruffa biyu da ke can farkon layin farko: PK.

Babin bai lalace ba. Da na buɗe shi ta hanyar da ta dace, sai ga rubutuna lafiya lau. Amma haruffan nan biyu sun tsaya mini a rai. Na jawo wani fayil ɗin Word na leƙa, na tarar da su. Na leƙa na Excel, na leƙa wani littafi da na sauke a tsarin EPUB, har da wata manhajar waya da aboki ya turo mini, kowanne da PK a goshinsa kamar tsagar gado. Da na bincika sai na gane farkon sunan wani mutum ne, Phil Katz, ɗan birnin Milwaukee a Amurka, wanda ya rasu a 2000 yana da shekara 37, tun kafin a ƙirƙiri ko ɗaya daga cikin ire-iren fayilolin da na leƙa.

Wannan maƙala tana bin sawun haruffan zuwa inda suka fito: wata 'yar ƙaramar manhaja ta matse fayiloli, da rigimar da ta ɓarke tsakanin ƙananan kamfanoni biyu a 1988. Tarihin kwamfuta, kamar yawancin tarihi, ya fi son sarakuna. Ana yawan ba da labarin IBM da Microsoft da Apple, a manta da maƙeran ƙananan kayan aikin da kowa ke ɗauka ya yi amfani da su ba tare da ya tambayi wanda ya ƙera ba. Darasin da nake son fitarwa daga labarin ZIP guda ne: daga cikin abubuwan da waɗannan mutane suka ƙera, wanda aka rungume aka hana kowa taɓawa ya shuɗe da zamaninsa, wanda aka saki kuwa shi ne ya rayu har ya iso hannunmu.

Lokacin da kowane harafi yake da farashi

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta rufe birnin Shikago, ta hana mutane fita. Wasu abokai biyu masu sha'awar kwamfuta, Ward Christensen da Randy Suess, suka ci moriyar zaman dolen wajen tsara yadda za a haɗa kwamfuta da layin tarho, domin duk mai kwamfuta ya iya bugo mata, ya karanta saƙonnin da aka bari, shi ma ya bar nasa. A watan Fabrairu ta fara aiki. Wannan shi ne allon sanarwa na kwamfuta na farko, abin da aka riƙa kira BBS. Bayan fitowar kwamfutar IBM PC a 1981, irin waɗannan alluna suka yawaita a Amurka har suka kai dubbai, akasarinsu a ɗakunan mutane, kowanne da mai shi wanda ke biyan kuɗin wuta da na tarho daga aljihunsa. Tun kafin intanet ta shiga gidaje, a nan ake musayar saƙonni da manhajoji.

Matsalar ita ce hanyar siririya ce. Na'urar da ke haɗa kwamfuta da tarho, wato modem, ta farko-farko haruffa kusan 30 take aikawa a daƙiƙa, wadda ta biyo bayanta kuma 120. Faifan ajiya na lokacin, mai faɗin inci biyar da kwata, kilobayit 360 yake ɗauka. Mai lissafi zai ga cewa sauke abin da ke cikin faifai ɗaya da modem ta farko zai ci fiye da awa uku, da ta biyun kuwa kusan minti hamsin. Yawancin allunan layi ɗaya gare su, saboda haka muddin wani yana kai, sauran sai su yi ta bugowa suna jin layi a cike. In kuma allon yana wani gari mai nisa, kamfanin tarho yana can yana ƙirga kuɗi minti-minti. A irin wannan hali, duk wanda ya iya rage girman fayil da rabi ya rage wa mutane rabin kuɗi da rabin jira.

Akwai matsala ta biyu. Manhaja ɗaya takan zo da fayiloli da yawa: ita kanta, da takardar bayani, da sauran 'yan rakiya. In aka aika su ɗaya-ɗaya, sai wani ya ɓace a hanya. Ana buƙatar abin da zai ɗaure su dami guda. Da farko aikin biyu ne, kayan aikin ma biyu: wata manhaja mai suna SQ ta Richard Greenlaw tana matsewa, wata mai suna LU tana ɗaurewa.

Yadda ake matse magana ba tare da an zubar da ita ba

Kafin a shiga rigimar, ya kamata a san abin da ake rigima a kansa. Ta yaya za a rage girman rubutu, sannan a dawo da shi daidai, ba a rasa ko ɗigo ba? Amsar tana cikin wata ɗabi'a ta harshe da duk ɗalibin adabi ya sani: magana tana maimaita kanta.

Dabara ta farko daga wani ɗalibi ta fito. A 1951 David Huffman yana karatu a MIT, sai malaminsu Robert Fano ya ba ajin zaɓi: ko su zauna jarrabawar ƙarshe, ko su rubuta takarda a kan hanya mafi tsimi ta wakiltar haruffa da lambobi. Huffman ya zaɓi takardar, ya kuma gano hanyar da ta fi ta malamin nasa, aka buga ta a 1952. Tushenta mai sauƙi ne. A al'ada kwamfuta tana ba kowane harafi gurbi daidai da na ɗan'uwansa, alhali haruffa ba su yi daidai wajen yawan fitowa ba. Duk wanda ya dubi shafin Hausa zai ga harafin "a" ya mamaye shi, "z" da "j" kuwa sai jefi-jefi. In aka ba "a" gajeriyar alama, aka bar dogayen ga masu wuyar gani, jimillar shafin za ta ragu ƙwarai.

Dabara ta biyu ta fito a 1977 daga Abraham Lempel da Jacob Ziv na jami'ar Technion da ke Haifa a Isra'ila. Su maimaituwar gungun haruffa suka duba. A ɗauki kalmar "gida-gida". Bayan an rubuta "gida" da karan ɗori, ba sai an sake rubuta "gida" ba. Ya isa a ce: koma baya gurbi biyar, ka kwafo huɗu. A kalma ɗaya ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma a dogon labari inda "wanda" da "saboda haka" da sunan jarumi ke dawowa sau ɗaruruwa, ribar tana da yawa. A 1984 Terry Welch ya buga wani gyara da ya yi wa wata dabarar tasu ta 1978 lokacin yana aiki da kamfanin Sperry, gyaran da ya sa ta zama mai saurin aiki, aka kira ta LZW. Sperry ya yi mata rajistar mallakar ƙira. A riƙe wannan batu, za a dawo gare shi.

Ɗanɗano kafin ciniki

A farkon shekarun 1980, sayar da manhaja sai kamfani mai kwali da shago da kuɗin talla. Tsakanin 1982 da 1983 wasu marubuta manhaja uku, Andrew Fluegelman mai PC-Talk, Jim Knopf mai PC-File da Bob Wallace mai PC-Write, suka fito da wata hanya: ka kwafi manhajar kyauta, ka ba duk wanda ka ga dama, in ta yi maka amfani ka aiko da kuɗi ta gidan waya. Ciniki ne irin na mai kilishi da ke miƙa ɗanɗano, sai dai a nan kilishin duka ake ba ka, a bar ka da amanarka. Sunan da ya bi wannan tsari shi ne shareware, allunan sanarwa kuma suka zama kasuwarsa.

A wannan kasuwa Thom Henderson ya baje hajarsa a 1985. Kamfaninsa, System Enhancement Associates, ko SEA a taƙaice, yana garin Wayne a jihar New Jersey, kuma duk da girman sunan, kamfanin iyali ne na mutane ƙalilan. Manhajarsa ARC ta haɗa ayyukan nan biyu wuri guda: tana matsewa, tana ɗaurewa, tana kuma auna dabaru daban-daban a kan kowane fayil ta zaɓi wadda ta fi rage shi. Nan da nan ta karɓu, har fayilolin da ke kan alluna suka koma masu wutsiyar .ARC. Henderson ya kuma fitar da asalin rubutun manhajar, wanda aka yi da harshen C, yadda kowa zai iya karantawa, amma bai sarayar da haƙƙin mallakarsa ba.

Shi kuwa Phil Katz an haife shi a 1962. Ya karanci kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Wisconsin da ke Milwaukee, ya fara aiki a kamfanin Allen-Bradley yana rubuta manhajar sarrafa injinan masana'antu. Waɗanda suka san shi sun siffanta shi da kunya da ƙarancin magana, mutumin da ya fi sakewa da kwamfuta a kan mutane. Gwanintarsa sauri ce. Kwamfutocin lokacin raunana ne, matse babban fayil kan sa mutum zaman jira. Katz ya sake rubuta sassan da suka fi cin lokaci da harshen assembly, wanda ke magana da injin kai tsaye ba tafinta. Ya fara sakin PKXARC mai kwance damin ARC, kyauta, sannan PKARC mai ɗaurewa. Sun fi ARC sauri nesa ba kusa ba. A 1986 ya kafa PKWARE, wanda ya fara daga teburin ɗakin girkin mahaifiyarsa a Glendale. Daga baya ya ƙara wata hanyar matsewa da ARC ta asali ba ta iya kwancewa. Sai ya zama mutum ya sauke fayil mai wutsiyar .ARC, manhajar ARC ta ce ba ta san shi ba. Baƙo ya zama shi ke shimfiɗa doka a gidan da ya sauka.

Shari'ar 1988

A 1988 SEA ya kai PKWARE ƙara gaban kotun tarayya a Wisconsin, bisa zargin amfani da sunan ARC da kwafar rubutun manhajarsa. Aka naɗa wani ƙwararre mai zaman kansa, John Navas, ya gwada rubutun biyu. Hujjar da ya samu irin wadda masu nazarin tsofaffin rubuce-rubuce suka daɗe da sani ce: mai kwafa yakan kwafi har kuskure. Marubuta manhaja sukan bar 'yan bayanai a gefen rubutunsu domin tunatar da kansu, bayanan da kwamfuta ba ta karantawa. Navas ya tarar da irin waɗannan bayanai iri ɗaya a manhajojin biyu, har da kurakuran rubutu iri ɗaya. Mutum biyu suna iya yin daidai iri ɗaya ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, amma da wuya su yi tuntuɓe iri ɗaya a kan harafi ɗaya.

Ba a kai ga yanke hukunci ba, domin a watan Agustan 1988 aka sasanta. Takardar sulhun ta sirri ce, amma ta fita, ta nuna cewa PKWARE ya biya dala 22,500 na haƙƙin baya da dala 40,000 na kuɗin da aka kashe. Ya kuma amince ya daina rarraba manhajar da ke aiki da tsarin ARC bayan ƙarshen Janairun 1989. Katz ya sauya wa manhajojinsa suna zuwa PKPAK da PKUNPAK. SEA ya sake komawa kotu yana cewa har yanzu ana amfani da kalmar ARC a takardun bayani, amma alƙali bai karɓi wannan ƙorafi ba.

A takarda Henderson ne ya yi rinjaye. A kasuwa labarin ya sha bamban. Masu allunan sanarwa sun ɗauki shari'ar a matsayin wani ƙaton kamfani yana murƙushe matashi mai hazaƙa, domin sunan System Enhancement Associates ya yi kama da na kamfani mai benaye, alhali shi ma ƙarami ne kamar abokin shari'arsa. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne iƙirarin mallakar sunan ARC da tsarinsa. A ganinsu kalmar ta riga ta zama ta kowa, dubban fayilolin da suka tara a wannan tsari kuma nasu ne. Sun kuma tuna cewa ita ma ARC ta ginu ne a kan dabarun Huffman da LZW waɗanda ba Henderson ya ƙirƙira ba. Saƙonnin kiran a ƙaurace wa SEA suka riƙa yawo daga allo zuwa allo.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa Henderson yana da hujja: an ɗauki aikinsa an yi masa kishiya da shi. Abin da ya kuɓuce masa shi ne, abin da yake karewa ya riga ya zama hanyar da jama'a ke bi. Wanda ya gina katanga a kan hanya kuwa, ko da filin nasa ne, da matafiya zai yi faɗa.

Haihuwar ZIP

Katz yana da 'yan watanni kafin wa'adin ya cika. Sai ya daina raɓuwa da ARC, ya tsara sabon dami gaba ɗaya, tare da gudummawar Gary Conway na kamfanin Infinity Design Concepts. Abokinsa Robert Mahoney ne ya ba da shawarar sunan ZIP, kalmar da ke nuna wucewa da sauri a Ingilishi. PKZIP ta fito a farkon 1989 a tsarin ɗanɗano kafin ciniki: dala 25 ga mai son rajista, 47 in yana son littafin bayani.

Sabon tsarin yana da hikima. Kowane fayil a cikin damin ana matse shi shi kaɗai, da ɗan kan bayani a gabansa mai ɗauke da sunansa da girmansa da wata lambar tantancewa da ke tona asiri in ya lalace a hanya. A ƙarshen damin kuma akwai jerin duk abin da ke ciki da inda kowanne yake, kamar ƙunshiyar littafi da aka kai shafin baya. Wannan ya sa ana iya zaro fayil ɗaya ba tare da an kwance sauran ba, ana kuma iya ƙara sabo a sake rubuta jerin kawai. Kowane kan bayani yana farawa da lambobi biyu, 80 da 75, waɗanda a jadawalin haruffan kwamfuta su ne P da K. Ba Katz ya fara irin wannan sa hannu ba. Fayilolin manhaja na MS-DOS suna farawa da MZ, farkon sunan Mark Zbikowski na Microsoft.

Babban abin da Katz ya yi yana cikin wani ɗan fayil ɗin rubutu da ya haɗa da manhajar, mai suna APPNOTE.TXT. A ciki ya zayyana tsarin ZIP dalla-dalla, gurbi bayan gurbi, aka kuma sanar cewa tsarin na kowa ne: duk mai so ya rubuta manhajar da ke ɗaurewa ko kwancewa, ba neman izini, ba biyan kuɗi. PKZIP tasa ce, asalin rubutunta bai fitar da shi ba. Abin da ya saki shi ne yarjejeniyar, wato yadda za a ɗaure damin domin kowa ya iya kwancewa. Henderson ya nuna rubutunsa ya riƙe tsarin. Katz ya ɓoye rubutunsa ya saki tsarin. Cikin ɗan lokaci masu alluna suka juye tarin fayilolinsu daga ARC zuwa ZIP, wasu don ya fi matsewa, wasu don huce haushi. ARC ba ta sake farfaɗowa ba.

A PKZIP ta biyu, wadda ta yaɗu a 1993, Katz ya kawo hanyar matsewa mai suna Deflate, wadda ta aurar da dabarun nan biyu. Da farko a nemo maimaici a cikin bayit 32,768 da suka gabata, irin na Lempel da Ziv, sannan a bi sakamakon da alamomin Huffman. Ita ce har gobe zuciyar ZIP.

Abin da aka riƙe da abin da aka saki

Yanzu a koma ga LZW. Kamfanin Unisys, wanda ya samu daga haɗewar Sperry da Burroughs a 1986, shi ya gaji rajistarta. A 1987 CompuServe ya fito da tsarin hoto na GIF, ya gina shi a kan LZW, duniya ta rungume shi. A ƙarshen Disambar 1994 sai aka sanar cewa masu rubuta manhajar da ke aiki da GIF za su riƙa biyan kuɗin lasisi. Hankali ya tashi. Masu sa kai suka haɗu suka tsara sabon tsarin hoto, PNG, wanda aka kammala a 1996. Da suka nemi hanyar matsewa da ba mai tare su a kanta, Deflate suka ɗauka.

Sun iya ɗaukarta ne saboda wasu sun riga sun share hanya. Jean-loup Gailly, Bafaranshe, da Mark Adler, Ba'amurken da ya yi aiki a shirye-shiryen binciken duniyar Mars na hukumar NASA, suna cikin ƙungiyar masu sa kai ta Info-ZIP, wadda ke kai ZIP ga kwamfutocin da PKZIP ba ta aiki a kansu. Katz kansa ya yi rajistar mallakar wata dabarar neman maimaici da ya yi amfani da ita. Amma tunda tsarin a buɗe yake, su biyun sun rubuta tasu hanyar mai fitar da sakamakon da ya bi tsarin ba tare da ta taka rajistar kowa ba. Daga aikinsu aka sami gzip a 1992 da zlib a 1995, a 1996 kuma Peter Deutsch ya rubuta bayanin Deflate a cikin jerin takardun ƙa'idojin intanet, a takarda mai lamba 1951. Yau shafukan intanet masu ɗimbin yawa a matse da gzip suke isowa wayoyinmu. Rajistar LZW kuwa ta ƙare a Amurka a 2003, lokacin da masu gina sababbin abubuwa suka riga suka koyi zagaye ta.

Manhajar da Katz ya riƙe ita ma ba ta tsira daga wannan ƙaddara ba. PKZIP ta MS-DOS ce, sai an buga mata umarni da haruffa. Da Windows ta fara mamaye kwamfutoci, Katz bai yi hanzarin bin ta ba. A 1991 Nico Mak ya fito da WinZip, wadda da farko riga ce kawai da aka sa wa PKZIP domin a riƙa sarrafa ta da linzamin kwamfuta, daga baya ta tsaya da ƙafarta. Kafin PKWARE ya fito da tasa ta Windows, WinZip ta riga ta kama kasuwar. Abin da Katz ya yi wa Henderson da sauri, shi Mak ya yi masa da sauƙin amfani, sai dai wannan karon ƙofar a buɗe aka bar ta, ba mai cewa an haura masa katanga. A 1999 Igor Pavlov, ɗan Rasha, ya saki 7-Zip kyauta, Windows kanta kuma ta koyi buɗe ZIP ba tare da taimakon kowa ba.

Tsarin kuwa sai ƙara yaɗuwa ya yi ta yi. Duk mai son tattara fayiloli da yawa su zama ɗaya, sai ya tarar da ZIP a shirye, sananne, ba mai neman ko sisi a kansa. Harshen Java ya ɗauke shi a fayilolin JAR. Tsarin OpenDocument ya ɗauke shi. Daga Office 2007 Microsoft ya mayar da fayilolin Word da Excel da PowerPoint damin ZIP, haka ma littattafan EPUB da manhajojin wayar Android. Duk wanda ya sauya wutsiyar fayil ɗin Word daga .docx zuwa .zip zai iya buɗe shi ya ga cikinsa: rubutun a fayil guda, salon haruffa a wani, hotuna a jakarsu. A 2015 hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da wani yanki na tsarin a matsayin ƙa'ida. An yi masa gyare-gyare, kamar faɗaɗa tsohuwar iyakarsa ta gigabayit 4, amma damin da aka ɗaure da PKZIP a 1993 yana buɗuwa a kwamfutar yau.

Makomar maƙeran

Katz bai mori nasararsa ba. PKWARE ya zama kamfani mai samun miliyoyin daloli, shi kuwa ya faɗa shan giya, ya yi ta samun matsala da hukuma a kan tuƙi cikin maye, ya nisanci iyalinsa da ofishinsa, ya koma kwana a otal-otal. A ranar 14 ga Afrilun 2000 aka tarar da gawarsa a ɗakin wani otal a Milwaukee, likitoci suka danganta rasuwar da illar giya. Henderson ya sayar da SEA ya koma jihar Virginia. A fim ɗin tarihin allunan sanarwa da Jason Scott ya fitar a 2005 ya ba da nasa ɓangaren labarin, mai kallo kuma zai ga cewa shekaru ba su gama warkar da ciwon ba.

Ba don a yi wa kowa hukunci aka kawo wannan ba. An kawo shi ne domin darasin sakin abu ga jama'a yana da wani gefe da bai kamata a rufe ba, kuma ya sake bayyana a kwanan nan. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa yana ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi diddigi sai ya gano an dasa ƙofar sata a cikin xz, wata 'yar manhajar matse fayiloli da kusan kowace kwamfutar Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya, Lasse Collin, ya shafe shekaru yana kula da ita a lokacin hutunsa ba albashi. Da ya gaji, wani mai ɓoyayyen suna ya daɗe yana taimaka masa har ya sami amana, sannan ya dasa abin. An gano shi kafin ya yaɗu. Sakin abu ga jama'a yana raya abin, amma ba ya ciyar da wanda ya sake shi, ba ya kuma sauke masa gajiya.

Kammalawa

Ɗalibin adabin Hausa ba baƙo ba ne ga abin da wannan tarihi ya nuna. Rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 da suka iso mu a ajami sun iso ne domin an bar almajirai sun kwafa, wani ya ara ya ba wani, har da 'yan kurakuran da masana ke bi yau su gane wace takarda aka kwafa daga wace. Abin da aka kulle a adaka shi kaɗai, gara da damina sun fi kusa da shi. Henderson ya yi gaskiya cewa an kwafe shi, Unisys ya yi gaskiya cewa rajistar tasa ce, Katz ya yi gaskiya cewa PKZIP guminsa ce. Dukkansu ukun sun riƙe wani abu, kuma abin da suka riƙe ya tsufa a hannunsu. Mutum ɗaya daga cikinsu, cikin ɗacin shari'ar da ba ta yi masa daɗi ba, ya rubuta 'yan shafuka na bayani ya ce kowa ya ɗauka. Shafukan nan su ne suka wuce shi da manhajarsa da abokan rigimarsa.

Kundina yana nan a ajiye. Sunana yana shafin farko, na malamin da ya duba ni yana na biyu, na iyayena yana shafin sadaukarwa. Amma duk lokacin da na danna ajiyewa, kafin kwamfuta ta rubuta ko harafi ɗaya daga cikin sunayenmu, sai ta fara rubuta 80 da 75.